Ranar Da Aka Ce Katikis Ya Bugu

Ni katikis ne, watau mai koyar da masu shirin baftisma, a wata ikilisiya kusa da unguwar Zongo a Kwatano, cikin Jamhuriyar Benin. Asalina mutumin Dogon Dutsi ne a Nijar. Can na yi firamare a makarantar mishan, karatuna bai wuce nan ba sai ɗan horon aikin katikis. Neman abinci ya kawo ni bakin teku tun ina saurayi, nan na yi aure, nan nake ɗinki tsakanin Litinin da Jumma'a, gama abin da ake ba katikis ba ya riƙe gida. Na faɗi wannan tun da fari domin kada mai karatu ya zaci likita ne yake magana. Abin da na sani game da ciwon sukari a jikina na koye shi, da kuma bakin wata likita da ta yi haƙuri da yawan tambayata.

A shekarar 2017 abin ya fara. Ƙishirwa ba ta barina, ina shan ruwa kamar raƙumi, da dare kuwa in tashi fitsari sau huɗu, sau biyar. Wandunan da na ɗinka wa kaina suka fara yi mini yawa. Mutanen ikilisiya suna cewa aiki ne ya yi wa Malam yawa, ni ma na yarda, gama maganar ta yi mini daɗi. Uwargidana ce ta ga tururuwa sun yi dandazo a bakin fo da safe, ta ce, "Malam, haka na gani a ɗakin kawuna kafin a yanke masa ƙafa." Ban ce mata kome ba. Sai wata Lahadi na buɗe littafi zan yi karatu a gaban jama'a, baƙaƙen suka yi mini hazo-hazo. Kashegari na tafi awon jini.

A ƙasashenmu masu Faransanci da giram ake auna sukarin jini. Idan mutum ya kwana bai ci kome ba, aka auna, aka sake aunawa wata rana, aka tarar ya kai giram 1.26 a lita ko ya wuce, to, ciwon sukari ne. Nawa 2.4 aka samu.

Likita ta rubuta mini wata farar ƙwaya babba, metfomin, in sha tare da abinci safe da dare. Tsohon magani ne. Wani likitan birnin Faris mai suna Jean Sterne ya fara ba masu ciwon sukari shi a 1957, ya raɗa masa suna Glucophage, ma'ana mai cinye sukari, sunan da har yau za ka gani a kwali a farmasi. Makonni biyu na fari cikina ya yi ta ƙugi, da gudawa, da wani ɗanɗanon ƙarfe a baki. An riga an gaya mini haka zai yi kuma zai wuce, ya kuwa wuce. Na rage tuwon masara, na bar jiƙa gari da sukari, na yi sallama da lemon kwalba. Ƙishirwa ta tafi, ido ya washe. Shekara uku muna zaman lafiya da farar ƙwayata, har na fara ganin ciwon ba wani abu ba ne.

A 2020 lambobi suka fara hawa. Akwai wani awo da ake yi bayan wata uku-uku, wanda yake nuna yadda sukari ya zauna cikin jini dukan watannin nan, ba na safiya ɗaya kaɗai ba. Ba a yi masa wayo da ƙin cin abinci daren jajibirin awo, na gwada. Ga yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Nawa ya kai 8, ya wuce. Likita ta jawo takarda ta ƙara mini wata ƙwaya 'yar ƙarama, gilibenkilamid.

Ya 'yan'uwa, raina ya ɓaci ƙwarai a ranar. Na ji kamar yaron da aka mayar baya a aji. Na ce mata, "Likita, me na yi? Na bar duk abin da kika ce in bari." Ta ajiye alƙalami ta ce, "Malam, ba horo nake yi maka ba. Halin ciwon ke nan, tafiya yake yi." Ta ba ni labarin wani bincike da aka yi a Ingila daga 1977 zuwa 1997, inda aka bi dubban masu irin ciwona, ciwon sukarin manya. Bayan shekara 3, kusan rabinsu magani iri ɗaya ba ya isarsu. Bayan shekara 9, kashi uku cikin huɗu ne suke bukatar ƙari. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarar da ta fitar a 2018 domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, haka ta tsara: a fara da metfomin, in bai isa ba a haɗa masa ɗaya daga dangin wannan ƙaramar ƙwaya, in su biyun suka gaza a koma ga allurar insulin. Na ji maganarta, amma ba ta shige ni ba. A ganina magani biyu na ciwo ɗaya, ai ɗaya ɓarnar kuɗi ne.

Wanda ya buɗe mini ido maƙwabcina ne, wani Alhaji mahauci, mutumin Sakkwato, da ya riga ni shiga wannan ciwo da shekara goma. Ban da mutanen gidana, shi kaɗai ya san halin da nake ciki, gama mun taɓa haɗuwa a layin awon jini, babu damar ɓuya. Wata safiya yana feɗe rago, ya kira ni. Ya ɗaga hanta ya ce, "Malam, ga rumbu." Sa'an nan ya sa hannu bayan tumbi ya jawo wani ɗan nama mai tsawo, fari-fari kamar kitse, irin wanda ba mai saye da suna. Ya ce, "Wannan kuma shi ne ya gaji a jikina da naka." Likitoci suna ce masa fankiriyas, shi yake yin insulin.

Ga yadda na fahimci abin daga bakinsa da na likita, in kuma na yi kuskure wajen misali laifina ne. Abincin da muka ci yakan zama sukari ya shiga jini, kamar kaya da mota ta sauke a bakin kasuwa. Insulin shi ne ɗan dako mai kwashe kayan ya shigar da su rumfuna, watau naman jiki, inda ake bukatarsu. A jikin mai ciwon sukarin manya abu biyu ne suka lalace. 'Yan dako sun ragu, masu rumfuna kuma sun yi taurin kai ba sa buɗe musu ƙofa da sauri. Bugu da ƙari ita hanta, wadda take ajiye sukari domin lokacin yunwa, sai ta riƙa zubo shi cikin jini ko ba a tambaye ta ba, musamman da dare. Metfomin aikinsa ya tsare bakin rumbun nan, ya kuma lallashi masu rumfuna. Ba ya kiran ɗan dako ko ɗaya, shi ya sa in shi kaɗai mutum yake sha, da wuya sukarinsa ya faɗi ƙasa ainun. Ƙaramar ƙwayar kuwa ita ce mai busa usur. Da ta shiga jiki sai ta taso 'yan dako, ko mota ta zo ko ba ta zo ba. In sun fito ba su tarar da kaya ba, ɗan abin da ya rage a bakin hanya shi za su kwashe tas.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan na gane. Amma maganar ƙarshen nan, ta 'yan dakon da ba sa tambaya ko kaya sun iso, na ji ta da kunne ne kawai.

Sai kuɗi ya shigo cikin maganar. Shekarar nan ɗinki ya yi baya, ga kuɗin makarantar yara huɗu. Na fara dabara irin ta talaka: wannan mako in sayi farar, mako mai zuwa in sayi ƙaramar, wata rana in raba ƙwaya biyu da reza. Na kuma sayi wasu a hannun mai talla, cikin leda, ba kwali ba takarda. A Fabrairun 2017 hukuma ta kai samame Adjégounlè, sashen masu sayar da magani a kasuwar Dantokpa, ta kwashe kaya tan-tan, duk Kwatano ta ji labari. Na san dalilin samamen sarai, na sayi na leda duk da haka. Ko na gaske ne ko alli na haɗiya, awon wata uku ya fito ya tona mini asiri.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta nuna mini cewa a farmasi akwai irin maganin nan marar sunan kamfani, wanda ake ce wa jenerik, aikinsu ɗaya, kuɗinsa bai kai ba, in dai na buɗe baki na tambaya. Da ta ga kuma ina wasa da ɗaya ina barin ɗaya, sai ta rubuta mini ƙwaya guda wadda aka haɗa magungunan biyu a cikinta. A kwalin an rubuta 500/5, watau miligiram 500 na metfomin da 5 na gilibenkilamid. Ta ce, "Yanzu ba ka da hanyar raba su. Amma ka ji ni da kyau: ba ka shan ta sai abinci yana gabanka." Na ce to.

Dabarar ta yi aiki. Kwali ɗaya, saye ɗaya, babu mantuwa, lambobina suka sauko. Amma ga inda ta cuce ni, ko in ce na cuci kaina. Sabuwar ƙwayar girmanta kamar na tsohuwar metfomin ɗina. Da kwanaki suka yi nisa sai zuciyata ta mayar da ita metfomin. Mai usur tana nan a ciki, idona ne ya daina ganinta.

Jumma'a Mai Kyau ta shekarar 2022 ta faɗo ran 15 ga Afrilu, a tsakiyar watan azumin Musulmi. Duk Zongo bakinta a rufe, masu ƙosai da masu koko ba su fito ba, masu shayi sun kife tebur sai magariba. Ikilisiya ba ta ɗora wa marar lafiya azumi ba, ni da bakina nake koya wa mutane haka. Ko mai lafiya ma an yarda masa ya ci sau ɗaya ya ɗan taɓa wani abu sau biyu. Amma ni ban gaya wa kowa a ikilisiya ina da ciwo ba, ina kuma ganin maƙwabtana suna wuni ba ko ruwa, sai na ce a raina katikis ba zai kasa su ba. Girman kai ne, ba wani suna da zan ba shi. Na yi niyyar ba zan ci kome ba sai bayan ƙarfe uku. Da safe uwargida ta ajiye mini koko, na ture. Ƙwayar kuwa na haɗiye ta da ruwa, ina jin daɗi ma cewa ni mai biyayya ne ga likita, ba na tsallake magani.

Da tsakar rana muka fita Hanyar Gicciye, yadda ake yi a titunan Kwatano kowace shekara, tasha goma sha huɗu, ana tafiya ana durƙusawa a kan kwalta. Wanda ya san zafin Afrilu a bakin teku ya san yadda riga take manne wa mutum. Ni nake riƙe da lasifika ina karanta wa masu jin Hausa. Wajen tasha ta bakwai na ji yunwa irin wadda ban taɓa ji ba, hannuna yana rawa, zuciyata tana dukan uku-uku. Na ce rana ce. A ta tara harshena ya yi nauyi, kalmomi suka riƙa hawa kan juna. An gaya mini na karanta layi ɗaya sau uku, na kuma daka wa yaron da ke riƙe mini littafi tsawa a cikin lasifika. Wannan ban tuna ba. Abin da na tuna shi ne na fita daga layi ina tangaɗi, na zauna a dakalin wani kanti da ke rufe, gumi mai sanyi yana zuba mini, na ji wata mata a bayana ta ce, "Sodabi." Sunan barasar da ake dafawa daga bammi ke nan a ƙasar nan. Wata ta amsa da Hausa, "Katikis guda, yau da ranar nan!"

Ina jinsu, ba ni da bakin amsawa. Jama'a suka yi gaba, 'yan kaɗan suka tsaya kallo, ba wanda ya matso, gama wa zai taɓa mashayi?

Daidai lokacin aka taso daga sallar Jumma'a a Babban Masallacin Zongo, titi ya cika da fararen riguna. Alhaji mahauci yana cikinsu. Ya ratsa mutane, ya sa bayan hannunsa a wuyana, ya sunkuya ya shinshina bakina. Ya ce, "Malam, ka ci abinci yau?" Na girgiza kai. "Ka sha ƙwayar?" Na ɗaga kai. Ya yi salati, ya sa hannu a aljihu ya fito da sukari mai ƙwaya guda uku a ƙunshe cikin takarda. Na kau da fuska na ce ina azumi. Ya ce, "Ni ma ina yi. Buɗe bakinka." Na tauna. Ya aiki wani yaro ya bubbuga wa mai kanti ƙofa aka kawo lemon kwalba. Kafin minti goma sha biyar duniya ta fara komowa wurinta, na ga takalmina ɗaya a tsakiyar titi. Alhaji ya juya ga masu kallo ya ce, "Wannan ba giya ba ce, sukarinsa ne ya faɗi. Da kun bar shi nan da gawa za ku ɗauka."

Ya tsayar da ɗan zem, watau ɗan acaɓan Kwatano mai rawayar riga, ya sa ni a tsakiya ya hau baya ya riƙe ni, sai asibiti. Na ce ai na warke, a kai ni gida. Ya ƙi, ashe ya fi ni gaskiya. Gilibenkilamid yana daɗewa cikin jiki, sukarin da aka tauna yakan ƙare shi bai gama aiki ba, sai mutum ya sake faɗuwa, wani lokaci cikin barci. Da yamma nawa ya sake sauka ƙasa da 0.70, wanda shi ne iyakar haɗari, aka ɗaura mini ruwa mai sukari, na kwana can. Ma'aikacin jinya ya gaya wa uwargida abin da nake so kowane gida mai irin wannan ciwo ya sani: muddin mutum yana iya haɗiya, a ba shi sukari ƙwaya uku ko rabin kofi na lemo mai zaƙi, a jira minti goma sha biyar, in bai dawo ba a ƙara, in ya dawo a bi da abinci sosai. Amma in ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, zai shaƙe. A ɗauke shi sai asibiti.

Da na koma wurin likitata na zaci za ta karɓe haɗin ta ce ya fi ƙarfina. Ba ta bar ni da magani ɗaya ba, gama ciwon bai koma baya ba don na sha wuya. Ta raba mini su kuma, metfomin dabam, ta sauya ƙaramar da 'yar'uwarta gilikilazid, wadda ba ta cika kayar da sukari kamar waccan ba. Tun 2013 ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin magungunanta na dole, ta kuma ce gilibenkilamid bai dace da wanda ya wuce shekara 60 ba. Likita ta ce mini dangin nan duka da wannan hali aka san su tun farko. A 1942, a birnin Montpellier na Faransa, wani likita Marcel Janbon yana gwada sabon magani a kan masu zazzaɓin taifot, sai ya ga suna suma, wasu har suka mutu, ashe sukarinsu ne yake faɗuwa. Daga wannan hatsari aka gane ana iya yin maganin ciwon sukari da shi. Ta kuma ambaci sababbin ƙwayoyi da ake haɗawa da metfomin yanzu, waɗansu suna fitar da sukari ta fitsari suna kuma kare zuciya da ƙoda, irin su emfagilifulozin da ya shiga jerin nan a 2021. Na tambayi kuɗinsa a farmasi, na yi godiya na fito.

Na tambayi Alhaji yadda shi yake azumin wata guda da irin waɗannan ƙwayoyi. Ya ce tun kafin wata ya kama yakan je wurin likitansa, a mayar masa da babban kaso lokacin shan ruwa, a rage na sahur. Yana da ɗan na'urar awo a gida, ranar da ya ga 0.70 ko ya ji rawar hannu, ya karya ya rama daga baya, malamansa ma haka suka ce masa. Sukarin aljihunsa shekara goma ke nan bai fita ba shi ba. Shi da ake ganin bai yi boko ba ya je ya yi shawara, ni mai koyarwa na yi gaban kaina.

Abu mafi wuya shi ne Lahadin da ta biyo bayan Ista. Maganar buguwa ta riga ta zaga, har wani uba ya hana 'yarsa zuwa ajina. Na roƙi Fada ya ba ni minti biyar bayan sanarwa. Na tsaya da kwalayen maganina a hannu na faɗi abin da na ɓoye shekara biyar. Ban iya jawabi mai daɗi ba ranar, muryata tana rawa. Da aka tashi, mutum shida suka same ni a bayan majami'a ɗaya bayan ɗaya, kowa yana waige-waige, kowa da kwalinsa a jaka ko a lalita.

A cikinsu akwai wata tsohuwa, gwauruwa, da takan yi jiri kowace hantsi har ta faɗi sau biyu a bakin murhu. Na ce, "Iya, kawo in gani." Ta zazzage leda. An rubuta mata ƙwayar haɗi, amma tana da ragowar ƙaramar ƙwaya ta dā a gida, ba ta son ta yi asara, sai take haɗawa da ita. Watau mai usur biyu take sha kowace safiya, a kan kokon da bai cika kofi ba, ga ta ta haura saba'in. Ba ta iya karatu ba, wanda ya iya a gidan kuma bai duba ba. Ban ce mata ta daina wannan ta sha wancan ba, ba aikina ba ne. Litinin da sassafe na rufe shago na raka ta wurin likita da ledar gaba ɗaya. Tun daga ranar, duk wanda ya nuna mini kwali, abin da nake fara dubawa shi ne ko akwai suna biyu da lamba biyu a jikinsa, kāna in tambaya me kuma ake sha a gefe, har da jiƙe-jiƙen ganye da sassaƙe, gama mutanenmu ba sa lissafa su cikin magani.

Yanzu sau ɗaya a shekara ana auna mini ƙoda, domin in ta yi rauni ƙwarai metfomin ba ya shayuwa, a duba ido, a duba tafin ƙafa. Likita ta riga ta gaya mini wata rana ƙwayoyin biyu za su gaza, allura za ta shigo. Na ce mata in ranar ta zo ba zan tambaye ta me na yi ba. Ta yi dariya ta ce za ta rubuta ta ajiye.

Na ɗinka wa dukan rigunana ɗan aljihu a ciki, wajen ƙirji, daidai sukari ƙwaya uku. Yaran ajina na Asabar sun san wurin, sun kuma san abin da za su yi in sun ga Malam yana gumi yana maimaita layi ɗaya. Yaron nan da na daka wa tsawa a lasifika shi ya naɗa kansa mai ƙirga, kafin mu fara darasi sai na fito da su ya gani. Asabar da ta wuce ya tarar biyu ne, gama na ba wani ɗan yaye da ke kuka ɗaya a hanya. Bai karɓi hanzarina ba. Da aka tashi ya riga ni isa gida, ya kai ƙarata wurin uwargida.